Kwana a Tanti Cikin Dajin Yankari: Jagora ga Matafiyi daga Gombe

Mutumin Kumbiya-Kumbiya da ya karya kumallo a gida, ya hau mota da hantsi, zai iya yin sallar Azahar a tsakiyar dajin da giwaye ke kiwo. Gandun Dajin Yankari, a Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, maƙwabcin Gombe ne na kusa. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244, kuma a cikinsa ne garken giwaye mafi girma da ya rage a Najeriya yake rayuwa. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi ranar 1 ga Disamba, 1962, ya shiga hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan Jihar Bauchi ta karɓi abinta a 2006.

Yawancin masu zuwa daga Gombe, ɗaliban makaranta da iyalai masu hutun Salla, wuni suke yi su juyo, ko su kama ɗaki a sansanin Wikki da ke cikin dajin. Kaɗan ne ke kwana a tanti, alhali mai tanti ne ke jin dajin sosai: gurnanin dorina daga kogin Gaji, kukan kura can nesa, hayaniyar tsuntsaye kafin alfijir. Tsakaninsa da duk wannan ƙyalle ne kawai. Saboda haka lafiyarsa ta rataya ne kan tsari: inda ya kafa tantin, inda ya ajiye abinci, da yadda ya bi umarnin malamin daji.

Irin sansanonin da ake da su

A Gabashin Afirka kwana a tanti sana'a ce babba. Dazuzzukan Masai Mara na Kenya da Serengeti na Tanzaniya suna da sansanoni iri uku. Akwai na dindindin, manyan tantuna bisa dandamalin katako ko siminti, kowanne da gado da banɗaki. Akwai masu ƙaura, waɗanda ake naɗewa a bi sawun garken dabbobi sama da miliyan ɗaya da ke zagaye tsakanin ƙasashen biyu kowace shekara. A irinsu ana dumama ruwan wanka a zuba a bokiti, a rataye shi sama. Sai kuma filin da baƙo ke zuwa da tantinsa ya kafa da hannunsa. Da yawa daga cikin sansanonin nan ba su da shinge, shi ya sa da dare mai gadi ke raka baƙo daga wurin cin abinci har ƙofar tantinsa.

A nan gida, nau'i na uku shi ne namu. Masaukin Wikki ɗakunan gini ne, don haka mai son tanti da nasa yake zuwa, ya nemi izinin hukumar gandun, ita ce za ta nuna masa inda zai kafa. A tuntuɓe ta tun daga gida, domin dokoki da kuɗin shiga sukan canja. Wanda ya saba, yake son abin da ya fi wannan wuya, sai ya nufi Gashaka-Gumti ta garin Serti a Jihar Taraba. Shi ne gandun daji mafi girma a ƙasar, kuma masu hawa Chappal Waddi, tsaunin da ya fi kowanne tsayi a Najeriya da mita 2,419, a tanti suke kwana tare da 'yan rakiya. Ga sabon shiga dai Yankari ce makarantar farko.

Lokacin tafiya da hanya

Rani ne lokacin Yankari, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu. Da damina ruwa na ko'ina, dabbobi sun warwatsu, gamba ta fi mutum tsayi, hanyoyin cikin daji kuma sun yi taɓo. Idan rani ya kama, tafkuna suka ƙafe, sai giwa da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza su taru a kwarin Gaji, kogin da ba ya ƙafewa.

Ranin ma kashi biyu ne. Disamba da Janairu hunturu ne: rana da daɗi, sauro ya ragu, amma sanyin asuba a cikin tanti yana ratsa ƙashi, hazo kuma yakan rage gani. Maris da Afrilu an fi ganin dabbobi, sai dai zafi yakan kai ma'auni 40, tanti ya zama ba ya shiguwa daga hantsi har la'asar. Mai tafiya da yara ya zaɓi Janairu ko Fabrairu. Mai son natsuwa ya kauce wa ranakun Salla da Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da Wikki ke cika maƙil.

Daga Gombe ana bin hanyar Bauchi, a wuce Tumfure da filin jirgin sama na Lawanti, a ratsa Bara da Alkaleri, sai a Dindima a karya kudu zuwa ƙauyen Mainamaji, inda babbar ƙofar gandun take. Nan ake biyan kuɗin shiga a rubuta sunaye. Daga ƙofa zuwa Wikki akwai sauran tafiyar fiye da kilomita 40 a cikin dajin kansa, kuma direba ya rage gudu, domin gadu da birai kan tsallaka titi ba zato. A ware awa uku zuwa huɗu ga tafiyar gaba ɗaya. A cika tanki tun daga Gombe, a duba tayar safaya da jak, a riƙe tsabar kuɗi, saboda sabis ɗin waya a daji ba abin dogaro ba ne.

Batun tsaro ba a wasa da shi. Wasu ƙauyukan Alkaleri da ke gefen dajin sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga a shekarun baya-bayan nan. A tambayi hukumar gandun halin da ake ciki a makon tafiyar, a yi tafiya da rana tsaka, a kuma sanar da wani a gida ranar dawowa.

Kayan da za a ɗauka

Tantin da ya dace shi ne mai shimfiɗar ƙasa ɗinkakkiya da jikinsa, mai zif lafiyayye, mai tagogin raga. Rumfar biki da tantin da ƙasansa ke buɗe ba su da amfani a nan, domin kunama da maciji ta ƙasa suke shiga. Tantin da aka rubuta na mutum uku, mutum biyu ne za su sake a cikinsa da jakunkunansu. A fara gwada kafa shi a tsakar gida, a ƙirga sanduna da turaku, a ja zif sama da ƙasa. Ƙasar rani tauri gare ta, ƙananan turakun da ke zuwa cikin jakar tanti lanƙwashewa suke yi, don haka a kai wa mai walda guntayen rodi ya yanka masu tsawon taƙi ɗaya da rabi, ya lanƙwasa kawunansu. A haɗa da guduma, igiya ta ƙari, da tamfol biyu: ɗaya na shimfiɗawa ƙarƙashin tanti, ɗaya na inuwa.

Na kwanciya, tabarma da siririyar katifa da bargo mai kauri sun isa. A hunturu sanyin da ke tasowa daga ƙasa ya fi na iska cutarwa, shi ya sa abin da ke ƙarƙashin mutum ya fi abin da ya rufa da shi muhimmanci. Kowa ya riƙe tocilarsa, a samu fitila mai caji da hasken rana ta tsakiyar sansani.

Tufafi su kasance masu dogon hannu, launin ƙasa ko ruwan toka. Ƙudan tsando na kwarin Gaji baƙi da shuɗi mai duhu ke jan hankalinsa, cizonsa kuma yana huda yadi mai laushi. Takalmi ya zama rufaffe, silifas na wanka ne kawai.

Ruwan sha, a yi lissafin lita 4 zuwa 5 ga kowane mutum a wuni idan zafi ya yi tsanani, ban da na girki da alwala. Abinci kuwa, guzurin da kakanni suka sani shi ne ya fi jure hanya: dambun nama, kilishi, ƙuli-ƙuli, garin rogo, dabino, soyayyiyar gyaɗa, shinkafa da taliya, ganyen shayi da madarar gari. Duk ana samunsu a kasuwannin Gombe, kuma a zuba su cikin akwati ko bokiti mai murfi da ke kulluwa. A ɗauki ƙaramar tukunyar gas, domin sare itace a gandu laifi ne. Jakar magani ta ƙunshi bandeji, maganin ciwon kai, man korar sauro da gishirin gudawa. In babu shi, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta suna yin aikin.

Zaɓen wuri da kafa tanti

A isa da sauran rana, aƙalla awa biyu kafin Magariba. Malamin daji ne ke nuna wuri, amma ya kamata baƙo ya san abin da ake dubawa.

Ƙasa ake fara karantawa. Siririyar hanya da ta lafe cikin ciyawa, mai kashi da sawu, hanyar dabbobi ce zuwa ruwa, kuma ba sa canja ta don baƙo ya zo. Dorina wuni take a ruwa, da dare ta fito kiwo ta bi turbarta. Wanda ya tare tsakaninta da kogi ya jefa kansa cikin babban haɗari. Don haka ba a kafa tanti a bakin ruwa, komai kyan wurin. Ba a kafawa a cikin busasshen rafi, domin ruwan da aka yi can nesa yana iya saukowa da ambaliya cikin dare. A nisanci suri, ramuka, tarin duwatsu da ruɓaɓɓen gungume, mafakar macizai ke nan. In an ga jerin kwarkwasa, a matsa gaba.

Sannan a ɗaga kai sama. Inuwa na da daɗi, amma bishiya mai busasshen reshe, ko mai amya ko saƙar zuma, ko wadda 'ya'yanta suka nuna, ba a kwana ƙarƙashinta. 'Ya'yan itace na kiran giwa da birai. Idan gindin bishiya ya cika da kashin biri, nan ne makwancinsu.

An samu wuri, sai a share ƙaya da tsakuwa, a shimfiɗa tamfol a naɗe gefunansa ciki don kada ya leƙo ya tara raɓa. A baje tanti, a juya ƙofarsa ta ba iska baya. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka ƙofa ta kalli kudu ko yamma. A rufe zif kafin a fara buga turaku, in ba haka ba tantin zai ɗame har ƙofar ta ƙi rufuwa. A fara da kusurwa huɗu, kowane turke a karkace shi, kansa na kallon waje, sannan a zura sanduna a ɗaga, a ɗaure igiyoyin gefe. Idan tantuna sun fi ɗaya, a jera su da tazara, a bar wa dabba sararin wucewa, kada a ja igiyar shanya tsakaninsu. Wurin girki ya kasance can gefe, taku ashirin ko fiye, ta inda iska ke tafiya.

Kafin duhu ya rufa, a nemo alƙibla, wadda daga wannan yankin take gabas da ɗan karkata arewa, a cika butoci, a share wurin salla kusa da fitila. Alwala a bakin kogi da Magariba ko asuba ganganci ne, saboda akwai kada a Gaji.

Maƙwabta na rana da na dare

Wanda zai fara gwada baƙo a Wikki shi ne gwaggon biri. Sun saba da mutane, sun san leda, sun san kular abinci, suna shiga mota idan an bar gilashi a buɗe. Babban namiji yana da fiƙa masu tsawo, kuma ba ya jin tsoron yaro ko mai riƙe da abinci a hannu. Dokar ɗaya ce: kada a ba su komai, kada a bar komai a fili. Abinci duka, har da biskit da lemo, ya kwana a but ɗin mota a kulle. Idan biri ya riga ya fizge abu, a bar masa. Gadu ma suna yawo a cikin sansanin kamar awakin gida, amma haurensu kaifi gare shi, a bar musu hanya.

Da dare doka ta fi tsanani. A ja zif har ƙarshe kowane lokaci, ko da fita ta minti ɗaya ce. Dabbobin dawa sukan ɗauki rufaffen tanti a matsayin abu guda su kewaye shi. Abin da ke jawo matsala shi ne ƙofa a buɗe, ƙafa a waje, ko ƙamshin nama a ciki. Takalma da tukwane su shiga mota ko cikin tanti bayan an wanke, domin kura na ɗauke abin da ke warin fata ko maiƙo. Wanda ya ji motsi a jikin tanti ya yi shiru ya zauna, kada ya daki ƙyalle, kada ya fito da gudu. In fita ta zama dole, a tsaya a ƙofa a haska ƙasa tukuna, sannan a zagaya da hasken a hankali; idon dabba yana ƙyalli. Masu yara su tanadi fo a cikin tanti.

Komai sanyi, ba a shiga tanti da gawayi ko kurfoti ko risho. Hayaƙin garwashi yana ɗauke da iska mai guba marar wari wadda ke kashe mai barci. Idan an yarda a hura wuta a waje, a share ciyawa kewaye da ita, a kashe ta da ruwa kafin a kwanta, saboda tartsatsi ɗaya a watan Fabrairu ya isa ya cinye daji.

Da safe a kakkaɓe takalmi da tufafi kafin a sa. Mutanen Gombe sun san kububuwa, macijin da ya sa aka san asibitin Kaltungo a duk faɗin ƙasar nan wajen maganin sara. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a kwantar da mutum a mota, a sanar da ma'aikata, a nufi asibitin da ke da allurar maganin dafin maciji ba tare da tsayawa gwada na gargajiya ba.

Fita kallon dabbobi

Ana fita zagaye da sassafe da kuma bayan la'asar, lokacin da dabbobi ke motsi. Ko a motar gandun ko a ta baƙo, sai da malamin daji a ciki. Da ɗan gari akan ci gari, kuma shi ya san inda garke ya sha ruwa jiya. Ba a sauka sai ya ce a sauka. A rage murya, a kashe kiɗa, a bar hannu a cikin mota. Giwar da ta baza kunnuwa, ta ɗaga kai tana girgizawa, gargaɗi take yi, musamman mai ɗa. Direba ya ja baya a hankali, ba tare da hon ba.

Ganin giwa rabo ne, ganin zaki ya fi wuya, domin Yankari da Kainji ne kaɗai wuraren da zakuna suka rage a Najeriya, kuma 'yan kaɗan ne. Amma mazo da gwambaza da ɓauna da dorina suna nan, ga tsuntsaye fiye da iri 350, daga burtu mai takun ƙasaita zuwa cilakowa da zalɓe. Akwai kuma sawun mutanen da: kogunan Marshall guda 59 da aka fafe a jikin dutse, rijiyoyin Dukkey masu haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa, da tsofaffin matoyan ƙarfe na Shau Shau. Gidan tarihin sansanin yana nuna fatu da haure da tarkunan da aka ƙwace daga mafarauta. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS tana aiki da gwamnatin Bauchi wajen sintiri, kuma masu gadin nan da ke kwana a daji don giwaye su rayu sun cancanci girmamawa da ɗan alheri daga baƙo.

Tsakar rana ta ruwan Wikki ce. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, garau har ana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa ma'auni 31 rani da damina, kuma kimanin lita miliyan 21 ke kwarara daga cikinsa zuwa Gaji kowace rana. Wajen bakin dutsen zurfinsa ya kusa mita biyu, don haka yara da wanda bai iya iyo ba su tsaya ta ƙasa inda bai da zurfi. Kada a shiga da sabulu, kuma a bar mutum ɗaya yana gadin kaya saboda birai.

Tashi daga sansani

Ranar komawa a bari rana ta busar da raɓar da ke jikin tanti kafin a naɗe, in ba haka ba zai yi fumfuna. A ɗaga tamfol ɗin ƙasa da sanda, daga gefen da ke nesa da ƙafa, domin kunama na son ɗumin ƙarƙashinsa. A ƙirga turaku, a cike ramukan da aka haƙa, a tattara leda da gwangwani da robar ruwa a buhu a fito da su; dabbar da ta haɗiyi leda tana iya mutuwa. Ba a fita da ƙaho ko ƙashi ko gashin tsuntsu, ko ɗan biri da wani zai tallata a hanya.

A bar Wikki kafin Azahar don a shiga Gombe da sauran haske. A gida a duba jiki da na yara ko kaska ta maƙale, musamman hammata da bayan gwiwa da cikin gashi. Duk wanda zazzaɓi ya kama cikin makonnin da suka biyo baya ya je a gwada jininsa, ya kuma gaya wa likita cewa ya kwana a daji, da kuma in ƙudan tsando ko kaska sun cije shi.